Wuni Guda a Bisa Kogin Nilu

 

'Yan'uwa da dama, musamman ɗalibai masu shirin tafiya karatu ƙasar Yuganda, sukan tambaye ni game da wasan nan na tuƙa kwale-kwalen roba a cikin ruwa mai tsananin gudu, wanda garin Jinja ya shahara da shi. Wasu sun ga hotunansa a intanet ya burge su, wasu kuma sun gani sun ce wannan ai hauka ce tsagwaronta. Da yake Allah Ya ƙaddara na shiga sau ɗaya lokacin da nake karatu a Mbale, kuma na shiga ne ina sabon shiga fil, ban taɓa riƙe filafili ba, iyon da na iya bai wuce na kududdufin unguwa ba, sai na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona. Fatawa dai ta malamai ce. Nawa shi ne bayanin yadda abin yake, domin duk wanda zai tambayi malami ya san abin da yake tambaya a kai.

Jinja tana bakin Tafkin Biktoriya, kimanin kilomita 80 gabas da Kampala, kuma a nan ne ruwan tafkin ke fita ya zama Farin Nilu. Wanda zai je Mbale daga Kampala dole ya ƙetare kogin a nan, a kan sabuwar gadar da aka buɗe a 2018. A wannan wuri ne Baturen Ingila John Speke ya tsaya a 1862 ya ce ya gano mafarin Nilu, alhali mutanen wurin sun shekara aru-aru suna kamun kifi a ciki. Magangarar da ya gani, wadda ya raɗa wa suna Ripon, yanzu babu ita, domin madatsar ruwan Owen da aka kammala a 1954 ta haɗiye ta. Daga nan ruwan ke kama hanyar arewa, ya ratsa Sudan ta Kudu, ya haɗu da Shuɗin Nilu a Khartum, ya bi ta Masar ya faɗa Bahar Rum. Na tuna da 'yan'uwanmu na Maiwurno a Sudan, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Su a bakin Shuɗin Nilu suke, don haka ruwan da ya jiƙa ni bai bi ta ƙofarsu ba, sai a Khartum ya gamu da nasu.

An fara kai baƙi wannan wasa a Jinja a 1996. Kwale-kwalen na roba ne mai kauri, ana hura masa iska, an kasa cikinsa ɗaki-ɗaki yadda ko ɓangare ɗaya ya huje sauran za su riƙe shi. Mutum shida zuwa takwas ke zama a gefe-gefensa, kowa da filafili, jagora kuma yana zaune a baya yana juya akala yana ba da umarni. Ana auna ƙarfin gangaren ruwa da wani ma'auni mai mataki 6 da aka tsara a Amurka. Mataki na 1 ruwa ne mai ɗan motsi wanda ko yaro zai bi. Na 3 yana da raƙuman ruwa da za su jiƙa mutum sharkaf su kuma girgiza jirgin. Na 5 shi ne iyakar abin da ake kai baƙo, na 6 kuwa ba a shiga da fasinja sam. Nilu a ƙasan Jinja yana da na 3 har zuwa na 5, da kuma wurin da ya kai na 6. Abin da ya bambanta shi da koguna irin na duwatsun Turai shi ne ruwansa mai ɗumi ne, mai yawa, mai zurfi. Wanda ya faɗa ciki ruwa ne zai yi wasa da shi, ba kasafai yake gamuwa da dutse ba.

Kafin in biya kuɗi na kira gida. Wannan shawara ce da zan ba kowane matashi, domin rai ba naka ba ne kai kaɗai, akwai masu haƙƙi a kansa. Na yi wa Hajiya bayani iya iyawata, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, su wa za su tuƙa ku? Akwai Sarkawa a can?" Na ce, "Hajiya, akwai irinsu, 'yan bakin kogin ne, a ciki suka tashi." Ta ce, "Kuma za a ba ka rigar nan da ke hana nutsewa?" Na ce za a ba ni. Ta ce, "Allah Ya tsare. Ka kira ni da ka fito." Tambayoyinta biyu, ita da ba ta taɓa ganin Nilu ba, su ne ainihin abin da ya kamata sabon shiga ya tambayi kowane kamfani: wa zai jagorance ni, kuma da wane kayan kariya. Kuɗin wuni guda ya haura dala 100, wanda ga ɗalibi ba ƙaramin abu ba ne. Wanda zai ci bashi ko ya taɓa kuɗin makaranta saboda wannan, ni dai ban ga dalilinsa ba. Kogin yana da kyan kallo daga bakin gaɓa ma, kuma kallon kyauta ne.

Da safe aka kwashe mu a mota zuwa bakin ruwa. Aka ba kowa takarda ya sa hannu cewa ya san akwai haɗari. Ɗan'uwa mai karatu, ka karanta wannan takarda kafin ka sa hannu, kuma in kana da ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko asma, ko ciwon baya, ka faɗa musu gaskiya. Aka ba mu hular kwano da rigar ceto. Jagoranmu, wani baƙin saurayi mai ƙirar ƙarfi daga ƙauyukan Busoga, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaure igiyoyin rigar har sai numfashi ya yi wuya, sannan ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga mutum sama. In rigar ta zame ta kai kunne, ya sake ɗaurewa. Ya ce da waɗannan kafaɗun zai jawo mu in mun faɗa, rigar da ba ta kama jiki ba kuwa za ta fito a hannunsa ne ta bar mai ita a ruwa.

Sai darasi, wanda shi ne zuciyar al'amarin, kuma a nan nake so in daɗe. Ya koya mana kalmomin umarni: gaba, baya, tsaya, da kuma "ku duƙa", wato kowa ya zame cikin jirgin ya tsuguna ya kama igiyar da ke zagaye da shi. Ya ce kada hannu ya taɓa sakin kan filafili, domin yawancin haƙoran da ke zuba a wannan wasa filafilin maƙwabci ne ke zubar da su. Sannan ya zo kan abin da za a yi in an faɗa ruwa. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna fuskantar inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafa a sama. Kada ka kuskura ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu ko da ka ji ƙasa kusa, domin ƙafa na iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya tura ƙirjinka gaba ya danne ka, kuma wannan na kashe mutum a ruwan da bai kai wuya ba. In ruwa ya ja ka ƙasa, ka dunƙule, ka ƙyale rigar ta yi aikinta. In ka fito, kada ka yi gaggawar jan numfashi, ka duba tukuna, domin sau da yawa wani raƙumin ruwan na tafe. Ana shaƙa ne a tsakanin raƙumi da raƙumi. In jirgi ya kife a kanka, akwai iska a ƙarƙashinsa, ka shaƙa, ka lalubo igiya, ka fita ta gefe ɗaya, kada ka yi ta sauya shawara.

Da na nutsu na duba, sai na ga kusan kowane umarni a cikin waɗannan kishiyar abin da jiki ke so ne. Jiki na so ya miƙe tsaye, an ce kwanta. Yana so ya yi kokawa da ruwa, an ce dunƙule. Yana so ya shaƙi iska nan take, an ce dakata. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma gaskiya ne. Aikin jagora shi ne ya cusa maka wani abin kamawa tun kana kan tudu, yadda in firgici ya zo zai tarar da shi a wurin. Shi ya sa bai tsaya a baki ba. Da muka shiga ruwa mai sanyin gudu, ya sa kowa ya faɗa, ɗan'uwansa ya jawo shi. Sannan ya kifar da jirgin da gangan, muka shiga ƙarƙashinsa muka fito, ya hau bayansa ya birkice shi da igiya. Duk kamfanin da ya tsallake wannan gwaji ya nufi gangare da kai kai tsaye, ka nemi a sauke ka.

Ba mu kaɗai ne a ruwan ba. Akwai samari a cikin ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya, waɗanda ke riga mu gangarawa su jira a ƙasa, aikinsu tsamo wanda ya faɗa. Akwai kuma wani babban jirgi da ke bin gefen da ya fi sauƙi, ɗauke da abinci da kayan agajin gaggawa, kuma duk wanda ya ji gabansa ya faɗi kafin wani gangare yana da damar komawa cikinsa. Wata baiwar Allah daga jirginmu ta koma sau biyu, babu wanda ya yi mata dariya. Na ga ma jagoran ya fi girmama ta a kan wani saurayi da ke ta ihu a kifar da mu.

Gangaren farko mai girma da muka tarar suna kiransa Overtime. Tun kafin ka gan shi kake jinsa, wani irin ruri kamar na babbar mota a nesa, sannan sai ka ga kogin ya yanke a gabanka kamar an ja layi, hazo na tashi a bayan layin. Na karanta addu'ar hawa tun a bakin gaɓa, amma a nan harshena ya koma kan salati ba tare da na umarce shi ba. Jagora ya ce gaba, muka tuƙa da iya ƙarfinmu, domin jirgin da ya shiga gangare ba da gudu ba ruwa ne ke zaɓa masa hanya. Ya ce ku duƙa. Abin da ya biyo baya bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba: hancin jirgin ya nutsa, farin ruwa ya rufe mu, muka ɓullo a ƙasa muna tari muna ƙirga juna. Mun cika.

A wani gangaren na gaba ne muka kife. Ban ga lokacin da abin ya faru ba; na dai ga gefen jirgin ya miƙe sama da kaina, sai duhu mai kore-kore da ƙara a kunne. Ban san sama ba ban san ƙasa ba. Ruwan ya juya ni kamar tsumma a hannun mai wanki. Abin da ya zo mini shi ne muryar jagoran nan yana cewa dunƙule, na dunƙule, rigar ta ɗauko ni. Na fito na ga bangon ruwa a gabana, na rufe baki, ya wuce, na shaƙa. Sai ga hancin ƙaramin kwale-kwale a gefena, yaron da ke ciki yana murmushi yana nuna mini inda zan kama. Daga baya da muka kalli bidiyon na ƙirga lokacin da na yi a ƙasa, bai kai daƙiƙa goma ba. Da an tambaye ni a lokacin, da na rantse ya kai minti.

Tsakanin gangare da gangare akwai dogon ruwa kwance, inda ake tuƙi a hankali, rana na dukan cinya, ana yanka abarba ana rabawa a kan jirgi. Masunta na wucewa a kwale-kwalensu na katako, mata na wanki a gaɓa, tsuntsaye masu cin kifi na shanya fukafukai a kan duwatsu. A irin wannan wurin ne tunanin mahaifiyar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zo mini. Tun muna Islamiyya muke jin ƙissar, cewa ta sa jaririnta a akwati ta saka shi a kogin Masar. Can ƙasa ne nesa da nan, inda ruwan ya riga ya huce, amma kogin dai guda ne. Ni da na shiga da hula da riga da masu ceto a gaba da baya, na ji abin da na ji. Ban taɓa auna nauyin abin da aka umarce ta da shi ba sai ran nan.

A Itanda aka ce kowa ya sauka. Wannan shi ne wurin da ya kai mataki na 6, kuma babu jagora mai hankali da zai shiga samansa da baƙi. Aka ɗauki jirgin a ka aka zagaya ta tudu, muna biye ƙafa ba takalmi a kan duwatsu masu zafi. Na tsaya na kalli ruwan. Kogin gaba ɗaya ya matse ya zubo ta tsakanin duwatsu, fari fat, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Mutanen yankin na da wuraren tsafinsu na gargajiya a nan da kuma Kalagala da ke kusa. Ba abin da ya shafe mu ba ne, amma baƙo ya kama bakinsa ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin nan da ya wuni yana kai mu cikin ruwan da nake ganin ajali ne, a nan ya ce a'a, kuma bai saurari masu roƙo ba. A ƙarshen gangaren aka mayar da jirgi ruwa, wajen wani rami da suke kira The Bad Place, wato mugun wuri, aka tambayi kowa ko zai shiga ko zai bi gefe.

Wannan ya kawo ni kan tambayar da ta fi yawa, wato ko wannan ba jefa kai cikin halaka ba ne. Haɗari dai akwai shi, an kuma taɓa rasa rayuka a irin wannan wasa a ƙasashe daban-daban, duk wanda ya ce maka babu ya yaudare ka. To amma ina roƙon mai karatu ya kwatanta da abin da ke faruwa a gida. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Mayu na shekarar, wani ya nutse a Warra ta Jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske. A watan Yuni na 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan ba wasa suka je ba, kuma ruwan da ya ci su ko kusa bai kai haukan Itanda ba. Lodi ne ya wuce kima, jiragen sun tsufa, ana tafiyar dare, kuma babu riga. Mu takwas muka kife a ruwa mai mataki na 5, cikinmu har da wanda bai iya iyo ba ko kaɗan, muka fito duka muna dariya, saboda wani ya tsaya ya ɗaure mana igiya ya ɗaga mu ta kafaɗa. Na ji daɗin wunin, amma wannan kwatancen ya hana daɗin zama. Ana tsare ran ɗan yawon buɗe ido da ya biya dala, yaron da zai ƙetare dam ya je karatu kuwa sai a ce Allah Ya kiyaye, a tura jirgi. Mun iya faɗin tawakkali, ɗaure raƙumin ne ke ba mu wuya.

Akwai 'yan abubuwa da Musulmi zai shirya wa kansa, domin kamfanonin ba don mu aka tsara su ba. Yawancin baƙin Turawa ne, shigarsu ta ruwa kuwa an san ta. Mafita ita ce ku haɗa jirginku, ku shida ko takwas, abin da ɗalibai za su iya cikin sauƙi. 'Yan'uwa mata ma za su iya haɗa nasu. Dogon wando mara nauyi da riga mai dogon hannu sun fi dacewa ko don rana, domin ranar wurin, kusa da tsakiyar duniya, tana ƙona har baƙar fata. Babbar riga, jallabiya, ko mayafi mai jan ƙasa haɗari ne a ruwa, suna iya naɗe mutum. Ƙaramin hijabi mai kama kai yana shiga ƙarƙashin hular kwano lafiya lau. A ƙarshen tafiya sukan kawo gasasshen nama da giya, don haka ka faɗa tun da safe cewa ba ka sha, ka kuma tambayi naman. Musulmi ba baƙi ba ne a Yuganda, Jinja na da masallatai, ba za ka sha wahalar bayani ba. Batun salla kuma, na gaya wa jagoran tun kafin mu tashi, da muka tsaya a gaɓa ya ba ni lokaci na yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, tufafina na ɗiga. Ka tafi da katin allurar shawara, domin a lokacin da na je ana nemansa a shiga ƙasar, kuma bayan wasu makonni da dawowa ka je a gwada ka saboda tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafkin da wuraren da kogin ke kwance.

Wanda ya ga tsofaffin hotuna ya sani cewa kogin da zai tarar ba shi ne na cikinsu ba. Madatsar Bujagali, mai ƙarfin megawat 250, da aka kammala a 2012, ta shanye magangarar Bujagali da gangaren da ake fara wasan da su a da, dole aka matsa ƙasa. Sannan ta Isimba, mai megawat 183, da aka buɗe a 2019, ta shanye na ƙarshen, ciki har da wanda ake kira Nile Special, wanda masu ƙananan kwale-kwale ke zuwa dominsa daga ƙasashe masu nisa. Ni da na tashi a inda ake ɗauke wuta a yi kwanaki, ba zan iya zagin ƙasar da ta nemi lantarki ba. Sai dai samarin da suka tsamo ni daga ruwa da wannan kogin suke ci da iyayensu, kuma abin da ya rage musu yanki ne tsakanin dam biyu.

Da muka fito da la'asar, ana loda jirage a bayan mota, na tambayi jagoran ina Nile Special ɗin yake. Ya ɗaga filafili ya nuna can ƙasa, inda ruwan ya faɗaɗa ya kwanta kamar tafki. Ya ce a can ya koyi aikin, yana yaro, da aron kwale-kwale. Na karɓi wayata daga akwatin da aka ajiye mana kaya, na tarar Hajiya ta kira sau huɗu.